Shanya a Tsakiyar Ruwa

Akwai wata safiya da ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, na san ita ba zai iya ɗauke ta ba. Safiyar damina ce, a kan wani falalen dutse a tsakiyar ruwan Kainji, ranar da na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, kuma duk a kan ƙadangare. Har yau in na tuna ta sai in ji ƙamshin sabulu da na dutse mai ɗumi, kamar yanzu nake zaune a wurin.

A lokacin ina 'yar sakandare a Yelwa, muna zaune a gidan haya can bayan kasuwar kifi. Ɗakuna ne a jere, kowanne da iyalinsa, makewayi ɗaya duk muke shiga, ƙofarsa kuwa tsohon buhu ne aka rataya. Wanda ke ciki sai ya yi ta gyaran murya don kada a faɗo masa. Igiyar shanya ma ɗaya ce, a tsakar gida inda kowa ke wucewa. Amma ni jikina ne kawai a gidan nan, zuciyata tana can cikin littattafan soyayya da nake karɓowa haya a kasuwa. 'Yan matan cikinsu ba sa bin layin makewayi. Kullum cikin ƙamshi suke, suna saukowa daga bene a hankali, wani kyakkyawa yana jiran su a jikin mota. Ni ma na riga na zana nawa a raina, dogo mai sanyin murya. Har 'ya'yan da za mu haifa na raɗa musu suna, na zaɓa musu kalar kayan sallah.

Ranar da na fara al'ada, Inna ta ja ni ƙuryar ɗaki, ta yayyaga wani tsohon zaninta ta koya mini yadda ake ƙunzugu. Audugar mata sai dai mu gan ta a kanti, ba ta cikin abin da gidanmu ke iya saye kowane wata. Da ta gama sai ta riƙe kunnena ta ce, "Ki ji ni da kyau. Ƙyallen ga ba ya ganin rana, ba ya ganin ido. In maƙiyi ya ɗauka, ya ƙulle miki mahaihwa. In ƙadangare ya ƙetare shi, ke da haihuwa sai dai ki gani ga wasu. Haka uwata ta hwaɗa min, haka nike hwaɗa miki."

Ban tambaye ta komai ba, don ba a tambayar Inna irin wannan. Nakan wanke shi a gurguje cikin makewayi da ɗan ruwan buta, wani na waje yana buga ƙafa, in matse, in dunƙule cikin zani, in kai shi ƙarƙashin katifa. Da rani yakan sha iska rabi da rabi. Da damina kuwa ba ya bushewa sam. Sai in zaro shi da sanyinsa, yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ga baƙaƙen ɗigo na fumfuna, in sa shi haka nan in tafi makaranta.

Ba a jima ba jikina ya fara ba ni labari. Ƙaiƙayi ya soma, sai zafi in ina fitsari, sai mara ta riƙa murɗawa ko ba lokacin al'ada ba. A aji na kasa zama wuri ɗaya. Na kuma sha jin matan gidanmu suna ƙus-ƙus a bakin murhu, wai budurwar da ke da ciwon sanyi ai ta san maza. Ni da ko hannun namiji ban taɓa riƙewa ba sai a mafarki! Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya. In na yi magana a ce na lalace. In na yi shiru, to wataƙila abin da Inna ta faɗa ne ya same ni, don bangon ɗakinmu cike yake da tsaka, ita kuwa ai ƙanwar ƙadangare ce. Na zaɓi shirun. In na buɗe littafi sai in rufe, in ga 'ya'yan nan nawa na cikin rai suna nisa da ni, kamar mutanen da jirgi ya ɗauka ya bar gaɓa, suna ɗago mini hannu.

Da aka yi hutu, Baba ya tura ni wurin yayarsa, Gwaggo, in taya ta bandar kifi. Tana aure cikin Gungawa, a wani ƙauyen masunta a bakin ruwa gaba da Wara. Mace ce kakkaura mai dariya da ƙarfi, ko'ina jikinta ƙamshin hayaƙi. A can al'adata ta zo. Na yi yadda na saba, na wanke a ɓoye, na ƙulle a leda na tura ƙasan jakata. Wata yamma ruwan sama ya fara yoyo a kusurwar ɗaki, Gwaggo ta ɗaga jakar za ta canza mata wuri, sai ta tsaya.

"Ke 'yar birni, mi kika kashe kika ɓoye cikin jakar ga? Ni da ke wuni cikin kihi ma hancina ya ji."

Na yi wuf zan karɓe, ta riga ni kwancewa. Ta duba, dariyar ta bar fuskarta.

"Da wanga kike ƙunzugu? Da danshinsa?"

Na ce, "Inna ce ta ce kada rana..."

"Na san abin da Innarki ta ce. Ni ma da wanga zancen aka kawo ni aure bakin ruwan ga. Gobe in maza sun tahi kamun kihi, ki ɗauko kayanki ki biyo ni."

Washegari da hantsi muka shiga kwalekwale mu huɗu: ni da Gwaggo, da wata maƙwabciyarta mai goyo, da wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba. Ruwan ya kwanta luf, fari fat kamar an shimfiɗa faranti, sauran hazon safe yana tashi daga kansa a hankali. Ba abin da ake ji sai filafilin Gwaggo yana shiga yana fita. Muka ratsa ta cikin bado, furanninsa a buɗe, balbelu suna bin samanmu. Mai goyon ta ɗauko wata waƙa da Gunganci, tsohuwar tana amsa mata. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma sai na ji kamar da ni suke. Na sa yatsuna cikin ruwa ina ja, na ce a raina ko a littafi ban taɓa karanta tafiya irin wannan ba.

Can sai ga dutsen, shimfiɗeɗɗe, ya ɗago daga ruwa kamar bayan wata babbar dabba mai barci. Gwaggo ta ce maza ba sa zuwa kusa da shi, don duwatsun da ke ƙarƙashinsa suna yaga musu taru, shi ya sa mata suka gaje shi tun da daɗewa. A mashayar ƙauye ake ɗiban ruwan sha, ba a wankin al'ada a can. Nan ake zuwa.

Mun tarar wasu sun riga mu. Kowace ta ɗebo ruwa a roba ta koma gefe, ta wanke da sabulu, ta juye ruwan wankin cikin wani ramin yashi a bayan dutsen. Abin da ya tsayar da ni shi ne shanyar. Ƙyallaye ne birjik a kan falalen, kowanne an danne shi da ɗan dutse, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, guntayen atamfa iri-iri, iska tana kaɗa bakinsu. Abin da na saba gani a dunƙule cikin duhu, ga shi a fili kamar lambun furanni, mata suna zaune kusa da shi suna tsefe kai suna hira, babu mai sunkuyar da kai.

Gwaggo ta ware waɗanda fumfuna ta ci daga cikin nawa ta ce waɗannan na wuta ne. Sauran na wanke, na shimfiɗa, na danne. Sannan na kishingiɗa. Ɗumin dutsen ya ratsa bayana har cikin mara, na ji wani sauƙi da na manta da irinsa. Ina kallon gajimare suna tafiya, idona ya fara lumshewa.

Sai na ga motsi. Wani jan gwada ne, ƙaton ƙadangare, ya fito daga tsagar dutse. Ya tsaya ya gyaɗa kai, ya taho kai tsaye, ya hau kan ƙyallena, ya tsaya daidai tsakiya ya sake gyaɗa kai kamar mai gaisuwa, sannan ya sauka ta ɗaya gefen ya yi gaba abinsa.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. "Gwaggo, ya ƙetare! Ya ƙetare shi! Shi ke nan, ba zan haihu ba!"

Matan duk suka juyo. Da suka gane abin da ya faru, sai dariya ta ɓarke, har wata tana riƙe ciki. Mai goyon ta matso tana share hawayen dariya ta ce, "Wanga? Ai abokina ne. Tun ina amarya kakanninsa ke yawo bisa nawa. Zo gidana ki ƙirga ɗiyana in kina iyawa. Ni in zan kira guda sai na bi ta sunan duka."

Tsohuwar ta ce, "Yarinya, da ƙadangare na hana haihuwa, da tuni an kama shi ana saidawa kasuwar Wara, waɗanda suka gaji su yi layi."

Aka sake kwashewa da dariya. Ni ma na so in yi, amma kukan ya ƙi tsayawa, sai ma ya canza, ya koma wani mai nauyi da ke fitowa daga can ƙasa. Gwaggo ta yi wa matan wani kallo, kowace ta koma ga wankinta. Ta zauna kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa.

"Kukan ga ba na ƙadangare ba ne. Hwaɗa min."

Ban iya kallon ta ba, ruwa na kalla. Na faɗa mata komai, ƙaiƙayin da zafin da ciwon marar, da abin da matan gidanmu ke cewa. Ina jira ta tambaye ni wane ne, wa ya taɓa ni. Ba ta tambaya ba.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun daminar bara."

"Kaico, ɗiyata. Danshi ne ya ci ki, ba mutum ba. Kin ɗauki kaya mai nauyi ke kaɗai."

Muna nan zaune har rana ta take. Ta miƙe ta ɗauko ƙyallen nan da ƙadangaren ya taka, ta sake ɗauraye shi, ta mayar, kafin mu tashi har ya bushe ƙarau. Ta ninke ta sa mini a hannu. Da ɗuminsa, ba wari, sai ƙamshin rana da sabulu. Ban san abin nan yana iya zama mai tsabta haka ba. Na riƙe shi a ƙirji har muka iso gaɓa.

Ranar kasuwar Wara, bayan mun sauke kwandunan banda, Gwaggo ta kai ni ƙaramin asibiti. Malamar asibitin ta duba ni, ta ce kusan kullum sai ta ga irin wannan, ga 'yan mata ga matan aure. Ta ba ni magani, ta ce in riƙa canza ƙunzugu kafin ya jiƙe sosai, in wanke da sabulu, in shanya a rana. Ta ce gara da aka zo, don in aka bar shi ya daɗe yana wahalar da mace ƙwarai. Kafin hutu ya ƙare na warke. Na koma ina barci har da mafarkaina.

Saura Inna. Da na koma Yelwa, na ɗaura 'yar gajeriyar igiya a bayan ɗakinmu, tsakanin taga da katanga, inda rana ke sauka da hantsi. Da lokacin ya zo na shanya, na yafa wani siririn mayafi a kai. Ba a daɗe ba ta gani.

"Ke! Kin haukace? Abin da Gwaggonki ta koya miki ke nan?"

Amma bakin da ya buɗe a kan dutse bai sake rufuwa ba. Na ba ta labarin duka, har da asibiti. Ta tsaya tana kallon igiyar. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma kwance ta ba. Ta juya ta shige ɗaki.

Bayan 'yan kwanaki muna tsintar shinkafa a bakin ƙofa, ni da ita kaɗai. Kanta na kan faifai ta ce, a hankali kamar da shinkafar take magana, "Maganin ga da aka ba ki Wara, yara kaɗai aka ba, ko har manya?"

Na ɗago na dube ta. Ba ta ɗago ba. A lokacin na gane cewa ciwon da na ɗauka na shekara guda, ita ta yi shekaru tana ɗauke da shi, tana dafa mana abinci, tana yi mana wanki, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Na ce, "Har manya, Inna."

"To gobe in kin taso makaranta ki raka ni. Kar ki hwaɗa ma Babanki."

Na raka ta. A hanya ita ke bin bayana, mayafinta har goshi, kamar ni ce uwar.

Ban taɓa ganin laifin Inna ba. Abin da aka ba ta shi ta ba ni, kuma don tana so na ta ba ni. Amma na koyi cewa ba kowace kunya ce tarbiyya ba, akwai wadda ciwo kawai take raino. Abin da aka hana wa rana danshi ne ke cin sa, ko ƙyalle ne ko maganar da ke cikin ciki. Shi ya sa yau duk yarinyar da ta taso a hannuna, kafin in koya mata ninke ƙunzugu sai na fara ce mata, in wani abu ya dame ki, ni za ki fara gaya wa, kuma ba zan tambaye ki wane ne ba.