Amshin da Kawu Ya Yi wa Tsohuwa

Ina cikin motar haya, na dawo daga neman aikin da ban samu ba, sai wayar wani fasinja ta saki waƙa. Direba ya juyo a firgice. "Kashe, malam! Ina da iyali." Kafin mutumin ya kashe na riga na ji amshin. Muryar Kawu ce.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a gidansa na zauna har na gama jami'a. Ɗan amshi ne. Tun ina ƙarama yake zuwa wani ɗakin ɗaukar waƙa a bayan kasuwa, mai katifu manne a bango, ya rera layinsa ya dawo gida. Haka aikin yake: amshi ake fara ɗauka, daga baya mawaƙi ya zo ya ɗora baitocinsa. Sau da yawa sai a rediyo Kawu yake jin abin da ya yi wa amshi.

"Tsohuwa" muke ce wa ƙasarmu. A tasha aka fara, mawaƙa suka ɗauka, har ta kai waƙa ba ta karɓuwa sai da sunan. Ba wanda ya iya jansa kamar Kawu. Matarsa, wadda nake kira Inna, takan ce, "Da haka kake kirana, da na ƙara maka nama." Shi kuwa ya ce, "Ke ai ba ki tsufa ba tukuna."

A wannan karon abin da ya rera kawai shi ne, "Tsohuwa, sannu da haƙuri." Mawaƙin ya jero sunayen manya a kai, da abin da kowa ya ci, ya saki waƙar, ya tsallaka iyaka.

Na tarar da Kawu yana wanke hularsa a tsakar gida. Na roƙe shi ya tafi ƙauye ya kwana biyu. Ya yi dariya, ya ƙi. "Ɗiyata, digirin ne ya sa miki tsoro? Sannu na yi wa tsohuwa. Yaushe gaisuwa ta zama laifi?"

Washegari da hantsi wasu mutane suka yi sallama, suka ce ya zo ya amsa 'yan tambayoyi. Ya ce Inna ta rufe masa abincinsa. Ya fita ba hula, don ba ta bushe ba.

Duk inda aka ce mu je mun je, ko'ina sai a ce ba nan aka kawo shi ba. Mai ɗakin waƙar ya sa kwado ya ɓace. Ni kuwa ko mota ce ta tsaya a ƙofa sai in leƙa. Lauyan da muka ɗauka ya ce zai kira in ya ji wani abu. Har yanzu bai kira ba.