Injin Baban Saude

Hannunta na fara gani. Tana sauke kwandon busasshen kifi a kasuwar Kontagora, sai na hango wani tabo ya ratsa tafinta. Ni kuwa littattafan soyayya ne suka raine ni, na tabbata kowane tabo akwai labarin hawaye a bayansa. Da muka saba na tambaye ta, ta ce, "Igiyar inji ce." Ban tsaya na yi tunani a kan amsar ba.

Sunanta Saude, bazawara ce, 'yar masunta daga bakin tafkin Kainji. Ni gyaran babur da injin ban ruwa nake yi. Na cika mata baki cewa babu injin da ya taɓa gagarata, har ta kawo mini injin jirgin babanta. Na canza filogi, na wanke kafireta, na sa sabon tiyon mai mai ƙwallon robar nan da ake matsawa. Ban gwada ba, domin ba a tayar da injin jirgi a tudu. Aka tsayar da Laraba in mayar da shi, mu haye tsibiri wurin baffanta, wanda shi zai ba da aurenta. Alhamis da asuba zai tafi kamun kifi arewa, sai bayan wata shida ya dawo.

Kontagora zuwa Sahon Rami

Ƙarfe shida saura kwata muka bar tasha, ni da Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata, wanda zai yi mini magana. Shi ya rungume goro da alewa, ni na biya wa injin kuɗin kujera guda don kada a ɗaure shi a but. Direba ya leƙo ya ce, "Maigida, wannan ce amaryar?" Kawu ya ce, "A'a, wannan ce uwar amarya, ka tafi da ita a hankali."

Shingen 'yan sanda biyu muka wuce. A na biyun aka ce in nuna takardar inji, na ce na surukina ne, suka yi dariya suka ɗaga mana itace. Bakwai da rabi muna Sahon Rami. Kawu ya sha koko da ƙosai, ni na kasa cin komai. Ina ta tsara yadda zan ja igiya sau ɗaya, inji ya ɗauka, iska ta kaɗa gyalenta.

Zugurma

Goma da minti ashirin muka sauka. Muka yi awa guda muna jiran akori-kura mai shiga ƙauyukan bakin ruwa. Hanyar duk ramuka ce, na zauna a kan buhun gishiri na riƙe injin a tsaye kamar mai jinya. Ƙarfe ɗaya da rabi warin kifi ya tarbe mu kafin mu ga ruwan.

Bakin ruwa

Malam Gado, baban Saude, dattijo ne mai ƙarancin magana. Aka kawo tuwon dawa da miyar kifi, muka yi azahar. Ya ce, "Awa biyu ne zuwa tsibiri. In la'asar ta yi iska na tashi, ba mai shiga ruwa."

Biyu da kwata na ɗaura injin a gindin jirgi, rabin ƙauye na tsaye a gaɓa. Na ja igiya. Shiru. Na ja sau goma, ko tari bai yi ba. Na kwance filogi, akwai wuta, amma a bushe yake ƙayau. Na matsa ƙwallon robar, ya ƙi yin tauri.

Saude ta matso bakin jirgi, ta rage murya. "Malam Sabi'u, tiyon ne. Ka sa shi a juye."

Na ce, "Ki bari, aikin maza ne." Da murmushi na faɗa, irin na jaruman da nake karantawa.

Na buɗe murfin tanki, na duba giya tana furi, na sake ja har kafaɗata ta yi tsami. Masuntan nan duk sun san inji, amma babu wanda zai gyara wa baƙo aikinsa a gaban surukinsa. Suka tsaya suna kallo. Kawu ne kawai ya ce, "Ɗan nan, goron nan fa bushewa yake yi."

Ta sake zuwa, ta kawo mini ruwan sha a kwano. "Akwai kibiya a jikin robar. Inji za ta kalla, ba tanki ba."

Na ji ta sarai. Amma da na juya tiyon nan inji ya tashi, duk gaɓar za ta san wa ya gyara. Na ce a raina bari in fara taɓa kafireta, daga baya in juya tiyon a ɓoye, a ce can matsalar take. Na kwance kafiretar a kan cinyata, a cikin jirgi, a kan ruwa. Igiyar ruwa ta ɗan girgiza mu. Jet, wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar masara ba, wanda ta cikinsa mai ke wucewa, ya zame daga yatsuna. Ko ƙarar faɗawarsa ban ji ba.

Muka lalube taɓo har aka kira la'asar. A duk ƙauyen babu inji irin wannan da za a ara daga jikinsa, manyan jirage kuma sun tafi cin kasuwa. Iska ta taso kamar yadda dattijon ya faɗa. Kawu ya ce ko a kira baffan a waya. Malam Gado ya ce, "Ba a neman aure a waya."

Alhamis, komawa

A zauren Malam Gado muka kwana. Da safe Saude ta raka mu wurin mota, ta miƙa wa Kawu ƙunshin kifi. Na ce mata wata shida ba komai ba ne ga mai ƙauna, zan jira ko shekara shida ce.

Ta ce, "Ba baffa ba ne, ba kuma injin ba. Sau biyu na faɗa maka."

Ƙarfe takwas muka taso, muka yi azahar a Zugurma, biyar da rabi muna Kontagora. A ƙofar gida Kawu ya miƙo mini goron ya ce in kai wa uwata. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa Malam Gado da bai ci mini fuska ba. Washegari na sayi jet na aika da direba. An karɓa, ba a aiko da saƙo ba.

Shekara tara ke nan. Kwanan baya wani mai kifi ya kawo mini babur, na tambaye shi Saude. Ya ce ta auri wani masunci, 'ya'yansu uku. Ta kafa rumfa a bakin ruwa, har daga tsibirai ake kawo mata injuna. Mijin ne ke miƙa mata sufana.