Ƙullin Wandon Yazid

Ka taɓa ganin inda aka hana mai ƙafa ɗaya yin langa? Mu a Zango mun yi wannan bajintar. Langa fa, wasan da masu ƙafa biyu ke riƙe ɗaya da hannu su yi ta tsalle a kan ɗayar suna bangazar juna. Mun hana shi, kuma muka sa wa hanin suna tausayi.

Wanda ya ɓata mana wannan kyakkyawan tsari shi ne Badaru mai kayan babur. Ya haura hamsin, ga tumbi, ga murya ana jin ta daga tasha. A ƙuruciyarsa shi ne ruwa a langar unguwarsu, wato wanda 'yan ɓangarensa ke karewa har ya kai bakin bishiya a ce ruwa ya sha. Ko fulogi ɗaya ka je saya sai ka ji wannan tarihin. Duk hutun makaranta yakan tara yara bayan la'asar a filin bayan firamare, ƙwallo da langa da tsere. Ba ya karɓar komai sai kunnenka, kuma wallahi gara kuɗi.

Mu iyaye muna da kwamiti. Babban aikin kwamitin nan benci ne a inuwar dalbejiya, inda muke jera yaranmu masu naƙasa su huɗu, mu ba su lemo su kalli 'yan'uwansu. Bara na ƙirga: an ɗauke su hoto sau ashirin da uku, an jefa musu ƙwallo sau babu.

A cikinsu akwai Yazid, ɗan Misbahu tela, wanda ya rasa ƙafar hagu daga gwiwa a haɗarin babur. Ran nan ana raba 'yan langa, sai ya dogaro sandarsa ya zo tsakiyar fili.

"Baba Badaru, ni ma zan yi."

Uban ya taso da sauri. "Haba Badaru, ka ji tsoron Allah. Yaron nan ƙafa ɗaya gare shi."

"To Malam Misbahu, su sauran da ƙafa nawa suke yi?"

Shugaban kwamitinmu, Alhaji Abdulrazak, wanda rabonsa da tsalle tun kafin ya yi aure, ya gyara hula ya kawo doka. "Ai a langa wanda ya saki ƙafa ya fita. Shi me zai saki?"

Badaru ya durƙusa da kyar, ya zare fil ɗin da aka naɗe ƙafar wandon yaron da shi, ya ƙulle bakinta tam, ya danƙa masa ƙullin a hannu. "Ga ƙafarsa nan, Alhaji. Ya saki ƙullin, ya fita." Ya kuma naɗa shi ruwa.

Aka fara. Abokan hamayya suka dare masa hanya kamar ango ne zai wuce. Ya isa bishiya ba wanda ya ko shafe shi. Muka kaure da tafi, "Allah sarki" na tashi ta ko'ina. Yazid ya ɗauki sandarsa ya nufi benci, idonsa jawur.

Badaru ya tare shi. "Ina zuwa kuma, ruwana?"

"Baba, ai wannan rakiya suka yi mini."

Badaru ya kira Hafizu, ƙaton ɗaya ɓangaren. "Kai, me ya hana ka ture shi?"

"Baba, in na ture shi Ummana za ta yanka ni."

"In ba ka ture shi ba, kai za ka hau bencin. A ba ka lemo, Alhaji ya dafa kanka, a ɗauke ku hoto."

Hafizu ya dubi bencin, ya dubi Alhaji. Zagaye na biyu ya sa kafaɗa ya maka Yazid da ƙasa. Misbahu ya ruga, takalmi ɗaya ya fita. Kafin ya isa, yaron ya tashi zaune yana tofar da yashi, yana dariya har da buga ƙasa.

"Hafizu, mai kan tulu! Wallahi sai na rama!"

Ya kuwa rama, washegari ma. Yanzu kwamiti ya shigo da sabon ƙorafi: wai ba a yi wa sauran yara adalci ba, tunda shi Yazid kullum cikin atisaye yake. Misbahu kuwa ya ɗinka masa wando mai kauri a wurin ƙullin, don na farkon ya yage.

Saura uku a benci. Badaru bai san wasan da zai dace da su ba tukuna, ya faɗa da bakinsa. Amma ya yi abin da kwamiti bai taɓa tunawa da shi ba: ya zauna kusa da su ya tambaye su me suke so su buga.

Kai ma ka gwada. Yau da yamma ka je filin unguwarku, ka nemi yaron da aka ajiye a inuwa, ka tambaye shi. Lemon ka bari sai ya yi gumi.