Zayyanar da Bature Ya Tafi da Ita

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Ilu mai zayyana. Duk sanda na ga littattafan addu'a na ɗab'i zube a bakin titin Kankiya, rana na dukansu, sai in ce kaico, da Yaya na nan da ya kau da kai.

Shi da hannu yake rubuta nasa, takarda-takarda ba ɗinki, ya ƙawata da ja da ruwan ɗorawa. Yana da wata ɗabi'a da muke masa tsiya a kanta: ba ya rubutu a bayan takardar da ya yi wa zayyana. Ni kaina na sha ce masa almubazzari.

Mafi kyan aikinsa littafin Gwaggo Asabe ne, wata dattijuwar gidan sarauta a Kusada. Ba ta iya karatu ba, haddace addu'o'in ta yi. Zayyanar ce ke nuna mata inda take, wannan ta Litinin, waccan ta Juma'a.

Kwatsam wani Bature ya zo rangadi, aka fito da littafin don burga. Ya juya, ya juya, ya ce ta bakin tafinta wai manyan ƙasarsu ma sun yi irinsa a da, zai tafi da shi. A wancan zamani wa ya isa ya ce a'a? Ni da Yaya muna zauren gidan sarautar a ranar. Sunan Allah zai tafi a hannun da bai san alwala ba, ga Gwaggo a bayan ƙofa tana jin komai.

Yaya ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, bari in tsince maka masu kyan. Sauran baƙin rubutu ne kawai."

Ya riƙa zare zayyanar ɗaya bayan ɗaya. Baturen na juya kowace, bayanta fari fat. Ya daɗe yana kallon Yaya, sannan ya zuba su a jaka.

Ko harafi ɗaya bai bar Kusada ba. Amma washegari Gwaggo ta buɗe gafakarta ta rasa Litinin, ta rasa Juma'a, ta yi ta kuka. Yaya ya yi mata alkawarin sababbi, ga idonsa ya fara hazo. Uku kaɗai ya gama ta rasu.

Littafin yana wurina. Jikokina kan ce ba shi da kyau, ni kuwa in ce su nemo min addu'a ɗaya da ta ɓata, har yau ba su samu ba. Abin da ke cina shi ne har aka binne Yaya ban ba shi haƙuri kan almubazzarin nan ba.