Tsarabar Hajjin Kiristoci

Ƙamshin daddawa ne ya cika falon a ranar da na shigo da ƴar kwalbar gida. A lokacin ina zaune wurin Hajiya, ƙawar mahaifiyata, a East Greensboro ta ƙasar Amurka, ina karatun tarihi a jami'a.

Kwalbar ta dalma ce, shafaffiya, ba ta kai tafin hannu ba, da gicciye a jikinta. Kwaikwayo ce ta irin waɗanda Kiristoci masu ziyarar Ƙudus suke dawowa da su fiye da shekara dubu da suka wuce, tun kafin yaƙe-yaƙen gicciye. Malamarmu ce ta ara mini don in yi rubutu a kanta. Ta ce ita kaɗai gare ta, in mayar ranar Litinin.

Hajiya ta juya ta a hannu. "Tandun kwalli ne?"

Na yi mata bayani. Mutane su yi watanni suna tafiya a ƙasa, su isa kabarin da suke girmamawa, su ɗebi man fitilun da ke ci a wurin, su kawo gida a shafa wa marasa lafiya. Wasu har a binne su da kwalbar. Ni dai na daɗe ina tunanin ƙurar ƙafafunsu.

"Wato zamzam ɗinsu," in ji Hajiya. "In sun dawo ana ce musu Alhaji?"

"A'a, Hajiya."

"Haƙorin gwal fa?"

"Babu."

"Allah sarki. Sun sha wahala."

Ranar Asabar na dawo daga ɗakin karatu, kwalba ba ta kan tebur. Hajiya tana yankan alayyahu. Ta ce ai ta zuba man zaitun a ciki ta kai wa maƙwabciyarmu, wata tsohuwa baƙar fatar Amurka da ciwon gwiwa ya hana zuwa coci. Ita ce ke kawo mana tumatir daga lambunta.

"Hajiya, ba tawa ba ce!"

"Na sani. Tasu ce. Ke kin taɓa ganin an ajiye tsaraba wofi a kan tebur, ga mara lafiya a maƙwabta?"

"Dole in mayar jibi."

"To je ki karɓo. Ni dai bakina ba zai iya ba."

Na tafi. Na sami tsohuwar a baranda, ta zura kwalbar a zare ta rataya a wuya. Ta ce tun safe gwiwar ta sassauta. Ta ba ni shayi mai ƙanƙara. Na sha, na yaba tumatir, na dawo.

Ranar Litinin na faɗa wa malamarmu abin da ya faru. Ta cire tabarau, ni kuwa har na fara tunanin wane karatun zan koma.

Can ta ce, "A wuya ta rataya?"

Na ce e.

"Masu ziyarar ma haka suke yi a da," in ji ta. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake ara mini komai ba. Rubutun kuwa daga hoto na ƙarasa shi.

Sai bayan na gama karatu na bar garin da shekaru, Hajiya ta faɗa mini a waya, tsakanin labarin sanyi da na tsadar naman rago, cewa da kwalbar a wuya aka binne tsohuwar.