Ƙafar Iya Ikilima

Duk wanda ya saba hawa tudun unguwar Mpape da safe ya san Iya Ikilima mai masa. Shekara ashirin da biyu tana suya a wuri guda, teburin shayina kuma yana gefenta, don haka na san halinta kamar yunwar cikina. In ta ce a'a, ko liman ka ɗauko ɓata bakinsa zai yi.

Ranar da masu rusau suka ture rumfarta ko ƙwalla ba ta yi ba. Tana tsintar kwanon rufi cikin tarkace sai ƙusa ta huda silifas ɗinta, ta shige tafin ƙafa. Ciwon bai taka kara ya karya ba, amma ɗanta Surajo, direba a can unguwar Lugbe, ya samu abin da ya daɗe yana nema.

Ya ce, "Iya, ran Juma'a zan dawo. In ƙafar nan ta kumbura, Lugbe za mu, ke da suya sai labari."

Ta ce, "Allah ya kai mu."

Nan fa kowa ya zama likita. Kingsley mai faci ya taho da man birki. "Mama, ka zuba wannan, ciwo zai mutu yanzu-yanzu."

"Ni taya ce?" in ji ta.

Ni ma na ce a ɗiga man ja mai zafi yadda muke yi a ƙauye. Harara ɗaya ta yi min, na koma kan butata.

Ruwa ta tafasa, ya huce, ta wanke wurin da sabulu, ta duba ko tsatsa ta maƙale, ta rufe da bandeji. Matar da ko zazzaɓi ba ya kai ta asibiti, sai ga ta a kan acaɓa za ta karɓo allurar tetanus. Safe da yamma tana kwancewa, ta taɓa ko akwai zafi, ta leƙa ko ya fara ruwa. Suya kuwa ba fashi. A zaune take yi ƙarƙashin lema, ƙafar bisa kifaffen turmi.

Ran Juma'a bayan masallaci Surajo ya zo, ya durƙusa ya kwance bandejin. Wuri ya bushe ƙayau. Ya danna, ko gezau. Amma bai saki ƙafar ba.

"Iya, ni tsoro nake ji. Wata rana ba labarin ƙusa za a bugo min ba."

Wallahi ya ba ni tausayi. Ita kuwa sai ta ce masa:

"Na sani, ɗan nan. To a Lugbe wa ya san sunana? Ranar da na kasa tashi, da bakina zan kira ka. Yau dai ba ita ba ce."

Ya mayar da ɗaurin a hankali. Ta cika masa leda da masa mai zafi, ya gangara wajen motarsa shi kaɗai.