Zaren Hadiza da zaren lokotoro

Shekara tara ke nan da rasuwar matata Hadiza, Allah ya jiƙanta. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, ku yi haƙuri da rubutuna.

A farin da ya kore mu daga Zermu, Hadiza ta ɗaura wa ɗanmu na fari zare a ƙugu, yadda matan garinmu ke yi don su gane ko yaro na ramewa. Kullum sai ta sa yatsa ta gwada. Ranar da zaren ya zame har gwiwa, ba ta yi kuka ba, ta dai san an gama. Muka binne shi, muka taho Kara-Kara, na kafa teburin shayi.

Da aka haifi Sani, shi ma ta ɗaura masa. In zaren ya matse, ta tsinke, ta sa sabo tana dariya. Da ciwon ajali ya kama ta, abu ɗaya ta roƙe ni: "Malam, kada Sani ya miƙo kwano ka ce a'a." Na ce na ɗauka.

Na kuwa riƙe. Burodi, madara, sukari, fanke, duk abin da ke teburina nasa ne.

Bana damina ta sake cin amanarmu, gero ya fi ƙarfin talaka. A haka wata lokotoro, wato likita, ta zo lakwal ɗin su Sani da nata zaren. Ta auna tsayinsa, ta ninka zaren biyu, ta zagaya cikinsa. Bakin zaren bai haɗu ba. Ta kira ni ta ce, "Baba, ƙugun yaro bai kamata ya wuce rabin tsayinsa ba. Wannan kitsen ciki ne, yana janyo ciwon sukari da tansiyo, wato hawan jini, ya taɓa zuciya. A rage masa zaƙi da mai, a ba shi ganye."

Na ce, "Madam, ganye a wace gona?"

Hadiza, da kina nan, da kin kore ta da muciya. Ko kuwa da kin karɓi zaren kin gwada da kanki? Ke ma zare kika yarda da shi, ba bakin mutane ba.

Jiya Sani ya miƙo kofi a ƙara masa shayi. Na ce ya isa. Ya ce, "Baba, mun talauce ne?" Hannuna ya riga ya kai gwangwanin madara kafin in tuna da maganar lokotoro.

Abin da Hadiza ta bar mini ke nan: tsoron rasa yaro. In na zuba, ina kashe shi a hankali. In na hana, na ci amanar matacciya. Gwangwanin na nan a hannuna, ban zuba ba, ban ajiye ba.